Kulle sigar manhaja a Gentoo ba tsaro ba ne

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu kula da kwamfutocin da ke aiki da Gentoo: abin da ke aiki kada a taɓa shi. Da zarar manhaja ta zauna daidai, sai mutum ya buɗe fayil ɗin package.mask ya rubuta layi ɗaya mai farawa da alamar >, wato duk sigar da ta ɗara wadda yake amfani da ita kada Portage, mai sarrafa manhajojin Gentoo, ya kusance ta. Ya rufe fayil, ya ce ya samu kwanciyar hankali. Ni kuwa ina ganin gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago.

Gentoo ba ta tsayawa jiran kowa. Kullum ana ƙara sabbin ebuild, wato fayilolin umarnin girka manhaja, ana share tsofaffi, kuma kowace manhaja da ka harhaɗa daga tushe tana jingine da wasu. Ka ɗaure guda, sai wadda ke buƙatar sabuwarta ta ƙi hawa, sai wadda ke bayanta ita ma ta cije. Bayan wasu watanni ka kira umarnin emerge ya sabunta komai, ya cika maka allo da ƙorafin rikicin siga, sigar da ka kulle kuma an riga an cire ta daga ma'ajiyar. Aikin da ka ƙi yi kaɗan-kaɗan ya taru ya zama na kwana da kwanaki.

Wannan ma mai sauƙi ne. A watan Afrilun 2014 aka bayyana ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, daga siga 1.0.1 zuwa 1.0.1f, gyaran kuma ya zo a 1.0.1g. Wanda ya kulle kansa a 1.0.1f, da hannunsa ya tare ƙofar gyara. Alamar > ba ta bambanta sabon kuskure da sabon magani. Duka take korewa.

Za a ce to ai ga abin da ya faru da manhajar xz. Gaskiya ne, a ƙarshen Maris na 2024 Andres Freund ya gano ƙofar baya da aka dasa a sigogi 5.6.0 da 5.6.1, kuma wanda bai hau su ba ya tsira. Amma a duba yadda aka magance ta: an gane sigogin da suka gurɓata, aka toshe su, aka koma baya, da tsaftatacciya ta fito aka ci gaba. Toshe abin da ka san aibinsa daban, toshe duk abin da bai zo ba tukuna daban.

Na san dalilin da ya fi damun mutane, kuma ba na raina shi: harhaɗa Chromium ko LLVM yana cin awoyi, kwamfuta na zafi, aiki na tsaye. Sai dai akwai waɗanda aka riga aka harhaɗa irin su firefox-bin da rust-bin, kuma tun Disambar 2023 Gentoo da kanta take raba manhajoji harhaɗaɗɗu.

In kullewa ta zama dole, a toshe siga ɗaya tak da alamar =, a rubuta dalili da kwanan wata a samanta, a riƙa gudanar da glsa-check don gano ɓarakar tsaro. Ɗan'uwa, buɗe package.mask ɗinka yau. Duk layin da ba ka iya faɗin dalilinsa ba, goge shi.