Kafin ka aiko da kwamfuta Barmu, ka buɗe cikinta

A ƙasar Adar kusan babu gidan da ba shi da ɗan ci-rani a Abidjan, Legas, Libiya ko Aljeriya. A da tsarabar ɗan bida ba ta wuce rediyo da atamfa. Yanzu ƙannai na roƙon kwamfuta, don a buɗe shagon buga takardu a Barmu ko a yi karatu a jami'ar Tahoua. Roƙo ne mai kyau, amma muna da magana da masu saye.

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi. Shi kuwa Windows 11 yana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, kuma galibi ba ya karɓar kwakwalwar Intel da ta girmi zubi na 8. Ofisoshin Turai da Amurka na sauke tsofaffin na'urorinsu, kuma kowa ya san kasuwar da gwanjo yake ƙarewa. Ƙananan kwamfutocin tebur irin su Dell OptiPlex, HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre za su ci gaba da kwararowa da araha.

Ba mu ce a guje su ba. Ga garin da wuta ke zuwa tana tafiya, ƙaramar na'ura ta fi babba. Mafi ƙanƙanta cikinsu, waɗanda ba su fi littafi girma ba, suna aiki da caja irin ta kwamfutar hannu mai wat 65, abin da faifan sola da batir ɗaya za su ɗauka. Matsalar ita ce mutum ya saya ido rufe, ya ɗauka daga baya zai ƙara mata duk abin da ya ga dama.

Ƙaramin akwati yana da iyaka. Abu biyu ne ke biyan kuɗinsu. Na farko, a cire tsohon faifan ajiya mai juyawa a sa SSD: na'urar da ke ɗaukar mintuna kafin ta farka za ta tashi cikin daƙiƙu, kuma ba ta tsoron jijjigar hanya. Na biyu shi ne RAM, a kai shi giga 8, ko 16 in da hali. A nan ne kuɗin mutane ke ƙonewa. DDR3 ba ya shiga gurbin DDR4, tsagar da ke ƙasansu ma ba wuri ɗaya take ba, kuma ƙananan nan guntun RAM irin na kwamfutar hannu suke ɗauka. Wanda ya sayo kuskure daga Abidjan, wa zai mayar wa a Barmu?

Sai katin hoto, burin masu wasanni da masu haɗa bidiyon biki. Sirarin akwatin nan gajeren kati kawai yake karɓa, sashen da ke ba shi wuta sau da yawa bai wuce wat 180 zuwa 240 ba, kuma Dell da HP kan yi masa mahaɗi nasu na kansu, wanda na kasuwa ba ya shiga. Mai son babban kati ya nemi babban akwati tun farko.

Shawararmu ga ɗan ci-rani ita ce ya duba lambar kwakwalwar kafin ya biya. A i5-6500, shidan farko na nufin zubi na 6. I5-8500 zubi na 8 ne. In tsohuwa ce kuma kuɗinsa iya nan ya kai, ba asara ba ce, Linux Mint ko Ubuntu za su tafiyar da ita kyauta. Amma a yi gyaran can inda kayan suke, a kunna a gwada, sannan a ɗaure kwali. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kaya na zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuma ɗan ƙaramin abin da aka manta na iya ajiye na'ura wata da watanni.

Saura namu na gida. Ƙurar hunturu na toshe fanka, zafin bazara ya ƙarasa aikin. Hure ƙura, sauya man da ke tsakanin kwakwalwa da abin sanyaya ta, da canza ɗan batirin CR2032, aiki ne da matashi zai koya cikin mako guda. Muna kira ga cibiyoyin koyon sana'a na jihar Tahoua su sa shi cikin darussansu, kusa da ɗinki da walda. Hukumar kwastan kuma ta tuna Nijar na cikin yarjejeniyar Bamako ta 1991 da ta hana shigo da shara mai guba Afirka. Kwamfutar da ba ta kunnuwa a bakin iyaka, a mayar da ita inda ta fito.