Haƙuri iri biyu ne a Girkanci

Mai karatu, idan wanda kake bi bashi ya ce maka "yi haƙuri", ko aka faɗa wa ma'aikaci haka ranar da albashi ya makara, galibi abin da ake nufi shi ne ka ja bakinka ka yi shiru. Shi ya sa a wannan mako muka leƙa Girkanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari na Kirista da shi a ƙarni na 1, domin a can haƙuri ba kalma guda ba ce.

Akwai "hupomeno", wadda ta zo sau 17 a littafin. Gaɓa biyu ce: "hupo", wato ƙarƙashi, da "meno", wato zama. Ma'anarta ta asali ba ta da alaƙa da wahala. A Luka 2:43 da ita aka ce Isa, yana ɗan shekara 12, ya tsaya a Ƙudus bayan ayari ya kama hanyar gida. Daga nan ta zama sifar wanda ya tsaya daram sa'ad da kowa ya watse, kamar ɗan dako da buhu ya danne amma bai yar ba. Jimiri ke nan, ko dauriya.

Ɗayar kuwa "makrotumeo" ce, jinkirta fushi. Ƴan kasuwa za su gane ta: a Matta 18:26 ita ce bawa ya roƙi sarkin da ke binsa talanti 10.000. Haƙurin mai iko ne, wanda zai iya damƙe mutum amma ya ɗaga masa ƙafa. Mu Hausawa mun zuba su biyun a ƙwarya ɗaya, kuma a ganina masu riƙe haƙƙin mutane ne suka fi cin ribar wannan gauraya.

To, shin jimirin nan shiru ne? Wasiƙar Yakubu 5:11 ta ba da misali da Annabi Ayuba, da kalmar "hupomone" mai tushe ɗaya. Amma a littafin Ayuba na Baibul, tun sura ta 3 ya la'anci ranar haihuwarsa, ya shafe surori kusan 30 yana jayayya da abokansa 3, yana neman a gaya masa laifinsa. Ubangijinsa ne kawai bai saki ba. A sura ta 42, abokan nan da suka yi ta ba shi baki su aka umarta su kawo bijimai 7 da raguna 7, Ayuba ya yi masu addu'a.