Kada gara ta riga Jega, Aliero da Maiyama gane darajar tsohon Magana Jari Ce

Manomin albasa a Aliero ba ya barin amfaninsa a ƙasa ruwa ya taɓa, yana killace shi har farashi ya tashi. Ɗan kasuwar Jega kuwa da ido yake gane kaya mai daraja. Amma idan aka zo kan tsofaffin littattafan hikaya na Hausa, wannan basira sai ta ɓace. Tsohon malamin firamare ya rasu, a raba gado, a bar akwatin littattafansa a zaure, gara ta ci rabi, mai ƙosai ta naɗe sauran.

A cikin irin waɗannan akwatuna ne ake iya samun tsohon bugun Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya shiga gasar 1933 da shi aka buga a 1934, ko Ganɗoki na Bello Kagara, ko Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Uwa uba Magana Jari Ce mai juzu'i uku, da ya fara fitowa daga Zariya a 1937 tare da zane-zanensa, inda aku ke riƙe Musa ɗan sarki da labarai har gari ya waye.

A Ingila irin wannan kaya dukiya ne. Bugun farko na Alice's Adventures in Wonderland na 1865 an janye shi saboda mai zanen, John Tenniel, bai gamsu da yadda hotunan suka fito ba, kuma 'yan kwafin da suka tsira yau ɗakunan karatu da attajirai ke alfahari da su. Littafin Harry Potter na farko, na 1997, kwafi 500 kacal aka buga masu kauri, shi ya sa ake rububinsu a gwanjo.

Wani zai ce ai har yanzu ana sayar da Magana Jari Ce, to me ya sa za a damu da mai yagaggen bango? Sabon bugu yana ba da labarin, amma tsohon yana ɗauke da shaidar da sabon ba shi da ita. A jikinsa ake ganin yadda aka rubuta Hausar boko a zamaninsa, da yadda zanen ya fito tun asali, da hatimin makarantar da ta mallake shi, da sunan ɗalibin da ya karanta. Ga mai binciken tarihin ilimi a masarautar Gwandu, wannan hatimin kaɗai hujja ce.

Gane shekarun littafin bai da wuya. Idan an rubuta farashinsa da sule da kwabo na zamanin fam, ya girmi 1973, shekarar da naira ta zo. Idan yana ɗauke da sunan Gaskiya Corporation, bai riga 1945 fitowa ba. Idan kamfanin NNPC na Zariya ne ya buga, daga 1966 ne zuwa sama.

Duk wanda ya samu irinsa, ya ɗaga shi daga ƙasa, ya nisanta shi da danshi da rana. Kada ya liƙe yagewar da salatif, don yana ɓata takarda. Ya ɗauki hoton kowane shafi da wayarsa.

Sauran aikin na hukuma ne. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi tana Aliero, ba nisa da Jega da Maiyama. Ɗakin karatunta zai iya ware kabad guda, ya karɓi irin waɗannan littattafai amana, a rubuta sunan iyalan da suka bayar, a saka hotunansu a intanet don yara su gani. Ƙananan hukumomin uku za su iya taimakawa da cigiya ta hannun shugabannin makarantun firamare da ƙungiyar 'yan fansho.

Wannan bai kai kuɗin gina aji ɗaya ba. Jinkiri ne kawai ke da tsada, domin kowace damina tana tafiya da wasu kwafin da ba za a sake samun irinsu ba.