GIGIN TSUFA CIWO NE, BA MAITA BA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wani zalunci da ake tafkawa a gidajenmu muna gani mun yi shiru. Tsohuwa ta soma manta sunan jikokinta, ta fita da dare ta kasa gane hanyar gida, ta yi ta sambatu da waɗanda suka rasu tuntuni, sai a ce mayya ce, kurwar da ta kama ce ke tona mata asiri. Dattijo ya rikice a raka'o'in salla, sai a ce sammu ne. Daga nan sai gidan boka da 'yan tsibbu, a yi ta banka masa hayaƙi ana karɓe kuɗin 'ya'yansa. Wannan jahilci ne da aka haɗa da shirka.

Allah Maɗaukakin Sarki Ya riga Ya ba mu labarin wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, inda Ya ambaci wanda ake tsawaita wa rai har saninsa ya gushe. Bai jingina shi ga maita ba. Annabi (SAW) da kansa ya kasance yana neman tsari daga irin wannan tsufa, kamar yadda ya inganta a Buhari.

Binciken likitoci kuwa bai saɓa wa wannan ba. Tun 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana yadda wasu dasƙararrun sinadarai ke taruwa a ƙwaƙwalwar mai wannan ciwo. A 1993 masana a Jami'ar Duke ta Amurka suka gano cewa wani nau'in ƙwayar gado mai suna APOE4 yana ƙara haɗarin kamuwa. A 2004 Bruce Yankner da abokan aikinsa a Harvard suka duba ƙwaƙwalwar mamata 30, masu shekara 26 zuwa 106, suka tarar cewa bayan shekara 40 ƙwayoyin gadon da ke kula da koyo da tunawa suna rage aiki, masu gyaran ɓarna kuma suna ƙara himma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 57 masu wannan larura a 2021. To, duk mayu ne? Har da na Jamus da Japan?

Wani zai ce, ai sihiri gaskiya ne. Ba mu musa ba. Amma tuhuma ba hujja haramun ce, balle a kan wadda ta shayar da kai. Suratul Isra'i ta hana ko da tsaki ga iyaye idan sun manyanta, ina ga ɗaure su a turu?

Saboda haka muna kira: a kai su asibiti, domin ba kowace ruɗewa ce ba ta da magani. A kula da hawan jini da ciwon sukari da raunin ji tun da wuri, don suna cikin abubuwan da ke ƙara haɗari. A sani wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, kada a tsananta masa kan salla da azumi. Cinikinsa da kyautarsa ba su zartuwa, don haka mai sa shi dangwala yatsa a takardar gona ya ji tsoron Allah. Limamanmu kuma su faɗi wannan a kan mumbari.

Allah Ya kyautata ƙarshenmu. Wassalamu alaikum.