Nonon ruga da madarar buhu

Matasa, kafin ku ce mai nono ta rage muku kuɗi a kasuwar Dakwaro ko Abalak, ku san tun asuba aka tashi tatsa. Kaka ce ta san asalin kowace saniya, uba na jan guga a rijiya, jika na bin burtalin da gonaki suka ci, alhali dokar makiyaya ta 2010 ta ce a kare shi. Da rani, kuɗin dusa kaɗai na karya gida.

Mu kuwa a Yamai mun fi son madarar gari ta Turai, wadda sau da yawa an cire mata mai an zuba manja. Wai ta fi tsabta! In ɗan ruga ya saida shanun Azawak ya shigo birni yin kabu-kabu, wa zai yi mana cuku?