Yaro Mai Taimako, A Gida Ake Renonsa

Kuka ɗaya ake ji a bakin iyaye daga Maraɗi har Tsibiri da Jiratawa: wai yaran yanzu ba su aikuwa sai an ba su kuɗi. Ra'ayina shi ne, yaro da son taimako ake haihuwarsa. Mu manya ne muke raya wannan hali, ko kuwa mu kashe shi.

Kowace uwa ta san haka. In tana shara, ɗanta mai shekara biyu yakan jawo tsintsiya. In tana daka, ɗiyarta takan nemi ƙaramar taɓarya. Ba wanda ya sa su, ba wanda ya biya su.

Masana ma sun gwada abin. A shekarar 2006, a ƙasar Jamus, Felix Warneken da Michael Tomasello sun yi gwaji da yara ƴan wata 18. Babban mutum yakan saki abu ya faɗi, ya miƙa hannu kamar ya kasa ɗauka. Kusan duk yaran sun ɗauko sun miƙa masa, ba tare da an roƙe su ba. A 2008 suka sake gwaji da yara ƴan wata 20. Wasu aka riƙa ba su kyauta in sun taimaka, wasu kuwa yabo kawai aka yi musu. Da aka daina kyautar, taimakon rukunin farko ya ragu. Waɗanda aka yaba wa suka ci gaba yadda suke.

Wani zai ce ai ladan aike al'adarmu ce. Gaskiya ne, kuma kyauta ga yaro ba laifi ba ce. Laifin shi ne ciniki. Uban da ke cewa “ɗebo mini ruwa in ba ka dala biyar” yana koya wa ɗansa cewa taimako haja ce. Ranar da ba dala, ba ruwa. A ba yaro kyauta don ƙauna, a raba ta da aike.

Tsawa da duka su ma ba su sa yaro son aiki. Yaron da ya zubar da ruwan tulu aka mare shi, gobe zai guji tulu. Abubuwa uku ne ke ƙarfafa shi. Na farko, ya ga manya suna taimakon juna, kamar yadda ake gayya ranar noma ko ɗaukar jinka. Na biyu, a ba shi aiki daidai ƙarfinsa, a gaya masa amfaninsa. Na uku, a gode masa, a ce “Allah ya yi maka albarka”.

Aikin da ya dace da yara yana da yawa. A gonakin noman rani na Jiratawa, ɗan shekara biyar yana iya tsinkar ganyen zogale kusa da uwarsa. A gonar hatsi kuwa, tun 1983 manoman ƙasar Maraɗi suka soma sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma a cikin gona. Yaro yana iya korar awaki daga tohon. In uba ya ce masa “wannan gawon zai ƙara wa gonarmu taki”, yaron zai riƙe shi kamar nasa.

Haka ma wajen kiwon lafiya. Da damina, ma'aikata suna bi gida gida suna ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Suna ba da na ranar farko, uwa ta ba da na kwana biyu masu biyowa. Iyaye da yawa sukan manta saboda aikin gona. Yayar yaro mai shekara bakwai tana iya tuna wa uwa. Tana iya sauke sange da magariba, ta kuma zuba wa ƙaninta ruwa ya wanke hannu da sabulu kafin cin tuwo. Maganin kansa dai ya zauna a hannun babba.

Sai dai a kiyaye iyaka, don taimako daban, wahala daban. Kada a ba yaro feshin maganin ƙwari, domin guba tana shiga ta fata da numfashi, kuma jikin yaro bai kai na babba jurewa ba. Kada a aika ƙaramin yaro bakin rijiya shi kaɗai, ko bakin Gulbin Maraɗi in ya kawo ruwa. Kada a ɗora masa kayan da ya fi wuyansa. Tallan da ke hana yarinya zuwa lakwal da makarantar allo ya wuce taimako, ya zama cuta gare ta.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, gobe in ƙaramin ɗanka ya miƙo hannu zai kama maka aiki, kada ka ce “kauce, za ka ɓata”. Ba shi wuri, ka yi haƙuri da jinkirinsa, ka gode masa. Wanda aka kora yana da shekara uku, da wuya ya amsa kira yana da shekara goma sha uku.

Allah ya raya mana zuri'a, ya sa su ji ƙanmu ranar tsufa.