Dayarin Lantarki ko Wayar Salula: Wanne ya Dace da Malamin Karkara?

Gabatarwa

A farkon shekarun 2000, ma'aikacin da ya tara 'yan kuɗinsa da nufin mallakar na'urar aljihu yakan tsaya tsakanin abubuwa biyu. Na farko shi ne dayarin lantarki, wato 'yar na'urar da ake adana sunaye da lambobi da jadawalin aiki da gajerun bayanai a cikinta. Na biyu kuwa ita ce wayar salula, wadda daga baya ta zo da data ta shiga intanet. Kasuwa ta daɗe da raba wannan gardama, domin a yau da wuya a sami dayarin lantarki ko da a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano. Amma darasin da ke cikin gardamar bai tsufa ba, musamman ga ɗalibin da zai kammala karatun NCE a tura shi koyarwa Kademi ta ƙasar Gaya ko Toranke ta ƙasar Ajingi. Ra'ayin wannan maƙala shi ne waya ce ta fi dacewa da irin wannan malami, bisa sharaɗin ya ɗora mata aikin dayari kafin kowane aiki.

Asalin Na'urorin Biyu

Kamfanin Psion na Ingila ne ya fito da ɗaya daga cikin dayarin lantarki na farko a 1984. A 1996 kuma aka fara sayar da Palm Pilot a Amurka a kan dala 299, wadda ake rubutu a fuskarta da ɗan tsinke, ƙananan batura biyu kuma su ɗauke ta makonni. An ƙera waɗannan na'urori ne domin ma'aikacin ofis wanda ya riga ya mallaki tarho da kwamfuta a teburinsa, abin da ya rage masa kawai shi ne mai tuna masa lokacin taro.

A Nijeriya lamarin ya sha bamban. Kafin 2001, layukan tarho masu aiki a duk faɗin ƙasar ba su kai 500,000 ba, kuma mafi yawansu a manyan birane suke. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a watan Agustan shekarar. A lokacin, kuɗin layi kaɗai yakan kai kimanin Naira 20,000, kiran minti ɗaya kuma Naira 50, alhali mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 5,500 ne. Shigowar Globacom a 2003 da tsarin biya a kan daƙiƙa ta karya farashi, har aka wayi gari a 2012 layukan da ke aiki sun haura miliyan 100.

Dalilan Fifita Waya

Dalili na farko shi ne yanayin wurin aiki. Gaya da Ajingi ƙananan hukumomi ne na manoma da ke iyaka da Jihar Jigawa, kuma makarantunsu a warwatse suke cikin ƙauyuka. Matsalar malami a irin wannan wuri ta nisa ce. Kafin zuwan waya, sanarwar taro ko ta jarrabawa daga ofishin sakataren ilimi kan biyo hannun wani mai babur, wani lokaci ta iso bayan ranar ta wuce. Malami kan bar aji ya kashe kuɗin mota zuwa banki domin kawai ya ji ko albashi ya shiga. Dayarin lantarki yana iya tuna wa mutum ranar da ya riga ya sani, amma ba ya iya kawo masa labarin cewa an ɗage ta.

Dalili na biyu shi ne tsaron bayanai. An tsara Palm Pilot ne a kan a riƙa jona ta da kwamfuta ana kwafe abin da ke cikinta, domin idan batura suka mutu aka jima ba a sake su ba, komai yakan goge. Malamin Gafasa da ba shi da kwamfuta, in ya zuba makin ɗalibansa na zango guda a irin wannan na'ura, ya ajiye su ne a bakin rijiya. Wayar da ke da data kuwa tana iya aika kwafin bayanan zuwa ma'ajiyar intanet, ta yadda ko ta ɓata ko ta faɗa ruwa, aikin yana nan.

Dalili na uku shi ne hukumomi sun mayar da harkokinsu kan waya da kwamfuta. A 2012 Gwamnatin Tarayya ta fara raba takin rangwame ga manoma ta hanyar saƙon waya. Daga 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya, a 2017 kuma hukumar rajistar malamai ta TRCN ta fara jarrabawar cancanta ta wannan hanya. Malamin da ke shirya yara domin irin wannan zamani bai kamata ya zama baƙo a cikinsa ba.

Akwai kuma dalilin da ya keɓanci malamin Hausa. Wayoyin farko ba su da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, saboda haka matasa da dama suka saba rubuta kafa a madadin ƙafa, da fada a madadin faɗa. Wayoyin yanzu suna karɓar allon rubutu na Hausa, don haka malami ba shi da uzurin karya ƙa'idar rubutu a takardar tambayoyi ko a saƙon da zai aika wa abokan aiki.

Abin da Dayari ya fi Waya

Kowane allazi da nasa amanu. Masu goyon bayan dayarin lantarki suna da hujjojin da ba a isa a yi watsi da su ba. Da farko, dayari sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, waya kuwa kullum tana neman kati da data da kuɗin caji, ga shi a watan Janairun 2025 hukuma ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. Na biyu, dayari ba ruwansa da sabis. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato saboda matsalar tsaro, duk wanda aikinsa ya dogara da intanet kaɗai ya tsaya cik. Ko ba a katse ba, akwai ƙauyukan da sai an yi tattaki zuwa wani tudu ake samun sabis.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi. Dayari ba ya kiran mai shi. Ba ya ƙara a tsakiyar darasi, ba ya janye ido zuwa hira ko bidiyo. Darasin firamare bai wuce minti 30 zuwa 40 ba. Malamin da ya ba waya minti 10 a kowane darasi ya cinye aƙalla rubu'in haƙƙin yaran da iyayensu suka hana su zuwa gona domin su zo gabansa. Wannan asara ba ta bayyana a rajista, sai ranar da aka tarar ɗan aji shida bai iya karanta jimla ɗaya ta Hausa ba.

Hanyar Haɗa Amfanin Biyu

Tarihin baka ya nuna cewa maƙeran Gaya ne, wato Abagayawa, suka je Dala neman tama a farkon kafuwar Kano. Maƙeri ba ya sayen guduma don ƙyallinta, aikin da ke gaban uwar maƙera shi ke zaɓa masa kayan aiki. Haka ya kamata malami ya yi. Abin da zai duba wajen sayen waya shi ne batir mai jimiri da wurin ajiya mai yawa da layin da ke da sabis a garin da aka tura shi, ko da ba shi ne na yayi a birni ba.

Bayan saye, sai ya fara zuba jadawalin darussa da tsarin aikin zango da ranakun auna fahimta, ya kuma sa ƙararrawar tunatarwa. Duk lokacin da ya shiga Wudil ko Kano, inda sabis ke da ƙarfi, ya sauke manhaja da littattafai da ƙamus domin ya karanta su ba tare da data ba. A cikin aji, ya kashe data da ƙarar waya. Makin ɗalibai da rajistar halarta kuwa a fara rubuta su a littafin makaranta, waya ta zama ma'ajiya ta biyu. Haka nan bai dace a watsa hotuna ko sakamakon yara a zaurukan sada zumunta ba tare da iznin shugaban makaranta da iyaye ba.

Kammalawa

Kamfanin HP ya sayi Palm a 2010, ya daina ƙera na'urorinsa a 2011, a lokacin da waya ta riga ta haɗiye ayyukan dayari gaba ɗaya. Abin da kamfanoni ba su iya sanyawa a cikin waya ba shi ne tsari da kamun kai, kuma waɗannan a kwalejin ilimi ake fara koyonsu. Saboda haka, ya dace malaman da ke duba koyarwar gwaji su riƙa lura da yadda ɗalibi yake sarrafa wayarsa a aji, kamar yadda suke lura da shirin darasinsa da rubutunsa a allo.